Kunkuru Ba Ya Amsa Suna

Ina zaune a rumfata a Kasuwar Kure ina auna wa wata mata gero, wayata ta yi ƙara. Talata ce, cikin watan Yuli, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, amma gabas ta riga ta yi baƙi ƙirin.

"Baba Ladan ne?"

"Ni ne. Wa ke magana?"

"Malama Patricia ce, daga makarantar su Hidaya. Baba, don Allah, Hidaya ta zo wurinka?"

Yarinya 'yar shekara huɗu da rabi, ta taso daga Tudun Wada ta zo Kasuwar Kure da ƙafarta? Tambayar kaɗai ta gaya mini komai. Na saki mudun a cikin buhu, ban ko sallami matar ba, na tare keke.

Hidaya jikata ce, 'yar ɗana na fari. Wata tara ke nan da muka baro ƙauyenmu can bayan Wushishi, bayan masu babura sun shigo mana karo na uku. A wannan karon ne aka kashe ubanta a bakin gona. Uwarta ta gama takaba ta koma gidansu, dangi suka bar mana yarinyar, ni da matata Talatu. Ban da ita, babu abin da ya rage mana daga gare shi.

Talatu ce ta nace a sa ta makaranta, wata 'yar ƙarama ta ƙananan yara da ke bayan layinmu. Ranar da na fara kai ta, na tarar da yara a tsaye suna tafi suna tsalle, malamarsu a gaba tana rangaji kamar an zo biki. In ta ce ɗaya su yi tsalle ɗaya, in ta ce uku su yi uku. Harafi ma da jiki suke yinsa, wannan ya ware ƙafafu, wancan ya lanƙwasa hannu a kai. Na dawo na ce wa Talatu wannan dandali ne, ba makaranta ba. Ta ce in bari mu gani. Bayan wata ɗaya yarinya ta ƙirga mini buhuna har ashirin tana tsalle tsakaninsu. Na daina ƙorafi, amma ban ce na yarda ba.

Tun daga bakin layi na ga taro. Mata na fitowa daga makarantar, kowace ta riƙe hannun nata tana ja. Wata na cewa baƙar mota ce ta tsaya, wata na cewa a'a, mutum biyu ne a kan babur. Babu wadda ta gani da idonta, amma kowace ta rantse. Autana Badaru ya riga ni zuwa, ya tara abokansa biyar, kowa a kan babur, suna zagaya lunguna suna danna ham suna ƙwala kira.

"Hidaya! Hidaya!"

Malama Patricia ta tare ni a ƙofa, ba takalmi a ƙafarta, ɗankwali ya zame. Ta rusuna.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Bar haƙuri tukuna. Gaya mini yadda aka yi, daki-daki."

Ta ce suna hutun tara, yara na wasa a tsakar makaranta. Da ta ga hadari ya taso, sai ta ce wa maigadi Kolo ya kira su su shiga. Suka shiga, ta ƙirga, ashirin da uku. Ashirin da huɗu ne ajin. An duba ban-ɗaki, an duba bayan tankin ruwa, an duba ƙarƙashin kowane tebur. Ƙofar waje kuwa a buɗe take, don mai awara tana fita da farantinta a daidai lokacin.

"Wani ya dake ta?"

"Wallahi babu wanda ya taɓa ta. Tana cikin wasa tana dariya."

Kolo na tsaye a gefe yana murza hula. Dattijo ne Banufe, bai fi mako biyu da kama aikin ba. Ya ce, "Malam, ni bai ga yarinya ya fita ba. Ni yana buga ƙarfe ne kawai, baya na yana ƙofa."

"Wane ƙarfe?"

Ya nuna mini da baki. A reshen mangwaron tsakar makarantar, guntun ƙarfen layin dogo ne rataye da waya. Malama ta ce ƙararrawarsu ta hannu ta karye tun Juma'a, shi ne Kolo ya samo wannan a wurin 'yan gwangwan, yau ce ranar farko da aka buga shi.

"Yaya ka buga?"

"Da sauri, Malam. Ruwa yana zuwa. Haka." Ya ɗaga sandar ƙarfen zai nuna mini.

Ban san lokacin da na kama hannunsa ba. Na riƙe shi har ya yi ƙara.

A ƙauyenmu ƙarfen tayar mota muka rataye a ɗorawar bakin gari. In an buga shi da sauri ba tsayawa, magana ɗaya ce: masu babura sun taho, kowa ya yi ta kansa. Manya sun san inda za su nufa. Yara ne matsala. Ka zaunar da ɗan shekara uku ka ce masa in ka ji kaza ka yi kaza, kafin ka rufe baki ya manta. Shi ne Talatu ta mayar da abin wasa. Kowace yamma ta tara yaran gida ta riƙa buga murfin tukunya tana yi musu waƙa, su kuma su watse, kowa ya nemi rami ko ƙarƙashin rumbu ko kwazazzabo, ya dunƙule.

Ƙarfe ya yi kuka, kunkuru shige,
Ja kai, ja ƙafa, kunkuru shige,
Ko an kira, ko an roƙa,
Kunkuru ba ya amsa suna.

Wannan na ƙarshen shi ne jigon abin. Mutanen nan in sun kama yaro ɗaya, sukan tambaye shi sunayen 'yan'uwansa, su bi daji suna kira da murya mai taushi. Saboda haka Talatu ta horar da su, ko muryar uwarka ka ji tana kiran sunanka, kada ka motsa. Abu ɗaya ne ke fito da kunkuru, wata waƙa ta biyu, ita ma da nata tafin da nata takun. Hidaya ta fi duk yaran gidan iyawa. Ranar da aka kashe ubanta, awa shida ta yi a cikin ramin da aka haƙi ƙasar gini, tururuwa na cizonta, ba ta yi tari ba.

Na juya na dubi layi. Babura shida na kai da komo suna ruri, ƙarti na kiran sunanta da iyakar ƙarfinsu. Duk inda yarinyar nan take, a wurinta yau ma ranar nan ce ta dawo.

Na fita tsakiyar hanya na ware hannuwa. Badaru ya taka birki dab da ƙafata.

"Baba, lafiya? Ka matsa, za mu duba wajen dogo."

"Kashe shi."

"Baba, kowane minti…"

"Na ce ka kashe shi, kai da 'yan iskan abokanka! Ku ne kuke ƙara tura ta ciki. Ka manta da me suka zo ranar da suka kashe yayanka?"

Ya dube ni, ya dubi babur ɗin da ke tsakanin ƙafafunsa. Fuskarsa ta sauya. Ya murɗa makulli, ya bi sauran da gudu yana ɗaga musu hannu. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu. Na ce kada wanda ya sake ambaton sunanta, ko da raɗa.

Da shirun ya sauka sai na ji tsawa can sama da gari, wajen duwatsu. Nan fa tsoro na gaske ya kama ni. Babu rumbu a Tudun Wada, babu kwazazzabo. Ramin da yaro zai samu a unguwar nan ɗaya ne: lambatu da kwalbatocin da ke ƙarƙashin hanya. Duk wanda ya yi damina ɗaya a Minna ya san halinsu. Ruwa kan sauka can kan tudu, kai kana nan ƙasa ko ɗigo bai taɓa ka ba, sai ka ji lambatu ya taho da ruri, ja wur, ɗauke da robobi da matattun kaji.

Na ce wa samarin su bi lambatu da ƙafa, su leƙa kowace kwalbati da fitilar waya, baki a rufe. Amma na san ba lalle su gan ta ba. Wasu kwalbatocin doguwa ne, sun cika da yashi da shara, yarinyar kuma an koya mata ta shige har inda haske ba ya kaiwa.

Na kira Talatu. Ta tafi Wushishi ta'aziyya tun asuba. Wayar ta ce a kashe take. Na sake kira, haka. Sau bakwai.

Malama Patricia na tsaye kusa da ni. "Baba, me ke faruwa? Me ya sa ka hana kiran ta?"

Na gaya mata a gajarce. Ta dafe ƙirji.

"To ka yi mata waƙar fitowar mana!"

Ban iya ba. Wannan ita ce maganar da ta fi mini nauyi a ranar. Ta farko na sani, don da ƙarfi ake yin ta a tsakar gida. Ta biyu kuwa mata ne ke bin maɓuyar yara suna yi a hankali, ni kuma ina ganin harkar mata da yara ce, ban taɓa tsayawa na saurara ba. Da muka zo Minna ma, ranar da na ji Talatu ta fara ta, na daka mata tsawa na ce kada in sake jin waƙar nan a gidana. Tana tuna mini da abin da ba na son tunawa.

"Abin da na sani kawai, akwai kunkuru a ciki, akwai gyaɗa," na ce.

"Kunkuru?" Ta kama hannun rigata, abin da ba ta taɓa yi ba. "Baba, wasan kunkuru? Yarana sun iya shi!"

Ashe duk Juma'a takan sa yaro ɗaya ya kawo waƙar gidansu ya koya wa aji. Mako uku da suka wuce layi ya zo kan Hidaya. Malama ta ɗauka wasa ne kamar kowane wasa, har ta riƙa amfani da shi tana koya musu ciki da waje, kusa da nesa. Ta ce ita muryar ta riƙe, amma kalmomin rabi na biyu sun kuɓuce mata, don in an zo wurin takan bar yaran su ja abinsu ita tana tafi.

Muka juya cikin makaranta. Yara bakwai suka rage, su ma iyayensu na ɗaura musu jaka. Malama ta tsaya a ƙofar aji ta haɗa hannuwa.

"Iyaye, don girman Allah, minti biyar. Ba sace ta aka yi ba. Ɓuya ta yi, kuma yaran nan ne kaɗai suka san abin da zai fito da ita."

Wani mutum ya ce shi ba zai bar ɗansa a inda yara ke ɓata ba, ya saɓa shi ya wuce. Wata ta bi bayansa. Sai wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, Kafayatu, ta sauke tagwayenta daga hannu ta tura su ciki.

"Ku shiga jare. Yau ɗan wani ne, gobe nawa ne. Maman Sandra, ina za ki? Dawo da yarinya, ruwa bai cinye kowa a ƙofar aji ba!"

Yara biyar muka samu. Malama ta durƙusa a gabansu.

"'Yan albarka, wa zai gaya wa Baba abin da ake cewa in kunkuru zai fito?"

Suka zuba mata ido. Ɗaya ya sa yatsa a hanci. Sandra ta fara taɓe baki za ta yi kuka. Na ji kamar in ɗaga su in girgiza.

"Ku faɗa mana! Ba ku da baki ne?"

"Baba, don Allah koma baya," in ji Malama, ba ta ko dube ni ba. "Ba a kai suka ajiye waƙar ba, a ƙafa take. Sai sun taka za ta zo." Ta ce wa Kolo ya rufe ƙofa da tagogi duka. "Dole mu faro daga farko, kuma ba na son Hidaya ta jiyo ta farkon daga waje."

Aji ya yi duhu. Ta fara tafi a hankali, ta ja waƙar ƙarfe da ƙaramar murya. Nan take yaran nan biyar suka zube, kowa ya rarrafa ƙarƙashin benci ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Na ga abin da jikata take yi a daidai wannan lokacin a wani rami da ban sani ba, na kau da kai.

Malama ta bar shiru ya ɗan zauna. Sannan ta yi tafi biyu, ta buga ƙafa ɗaya. Tafi biyu, ƙafa ɗaya. Ta riƙa gunjin muryar ba kalma. Daga ƙarƙashin benci wata 'yar siririyar murya ta ɗauka, sauran suka bi.

Kaka ta soya gyaɗa, kunkuru leƙo,
Kaka ta ɓare maka, kunkuru matso,
Miƙo hannu ɗaya, karɓi naka,
Miƙo na biyu, kunkuru fito.

A kan leƙo suka ɗago kai. A kan matso suka ja gwiwa gaba. Hannu ɗaya, hannu biyu, suka yi tsalle suka miƙe suna dariya.

"Kuma!" in ji Malama. "Manya, ku kama. Baba, har da kai."

Sau uku muka yi. Ni da ban taɓa tafi a gaban mutane ba tun ina yaro, na tsaya tsakanin Kolo da Kafayatu ina bin bakin 'yan shekara huɗu.

Da muka buɗe ƙofa iska ta fizge ta daga hannun Kolo. An fara yayyafi, manyan ɗigo masu zafi a fata. Yara suka tsaya a baranda da iyayensu suna ci gaba da yi, mu manya muka rabu. Kafayatu da Kolo suka bi lambatun da ya yi wajen masallaci. Ni da Malama muka bi na bayan makaranta, wanda ya gangara wajen masu walda. Na ce wa masu waldar su kashe injinsu, suka kashe ba gardama.

Na sauka cikin lambatun. Zurfinsa ya kai ƙirjina, gwiwata ta hagu kuwa ta daɗe ba ta da kirki. Ruwa ya fara gudu a ƙasa, iyakar tafin ƙafa, baƙi mai wari. Malama na bi ta sama tana waƙa, ni ina ƙasa ina duƙawa a bakin kowace kwalbati.

Ta farko, shara ce ta toshe ta. Ta biyu, wani kare ya fito ya bi ta tsakanin ƙafafuna, saura kaɗan in faɗi. Ruwan ya sauya launi, ya koma ja, ya kai idon sawu. Jan ruwa na kan tudu ne. Ya iso ke nan.

Ta uku tana ƙarƙashin hanyar da manyan motoci ke bi, doguwa ce, bakinta bai fi faɗin babban kwano na wanki ba saboda yashi ya cinye rabinta. Na durƙusa cikin ruwan na haska wayata. Robobi, tsumma, wani karyayyen bokiti. Can ciki, inda hasken ke ƙarewa, wani abu shuɗi mai layi-layi. Kalar rigar makarantarsu.

"Hidaya!"

Bakina ne ya yi, ban sa shi ba. Ni da na hana kowa. Shuɗin abin nan ya motsa, ya ƙara ja ciki, ya fita daga haske.

Na cusa kai da kafaɗa ɗaya, kafaɗa ta biyu ta ƙi shiga. Na miƙa hannu har siminti ya yage mini fata, ban taɓa komai ba sai ruwa. Ta fi ƙarfin hannuna da kamu huɗu ko biyar. Ta ɗaya bakin kuma ba dama, can ne ruwan ke fita ya faɗa babban lambatu.

"Tana nan! Malama, tana nan, na kira ta, ta ƙara shigewa!"

Malama Patricia ta diro cikin lambatun da zanenta da komai. Ta ture ni gefe ta sa baki a ramin ta fara waƙar. Ruwan sama ya sauko gaba ɗaya a lokacin, yana dukan kwanon shagunan walda, ko ni da ke kusa da ita da ƙyar nake ji. Ta kai ƙarshe. Ba motsi. Ta sake. Ba motsi.

"Ba ta jin tafin," ta ce tana haki. "Ba tafi, ba taku, a wurinta ba ita ba ce. Baba, ni zan yi tafi a cikin ramin. Kai ka ja waƙar, muryarka ta sani."

"Takun fa? Ƙafa ba ta ƙara a cikin ruwa."

Ta waiga. Wani mai walda na tsaye a sama yana kallonmu, ruwa na zuba a kansa. "Kai, ɗan'uwa! Kawo guduma. A'a, ba ta ƙarfe ba, kada ka kuskura! Wancan katakon. In na yi tafi biyu, ka daki kan kwalbatin sau ɗaya."

Ruwa ya kai mini cinya a durƙushe. A cikin ramin ya wuce rabin abin da ya rage. Wani galan ya taho da gudu ya bugi bayana ya shige ciki, na ji ya daki wani abu ya wuce.

Malama ta zura hannuwa cikin ramin. Taf, taf. Katako ya sauka a sama, dim, har na ji shi a haƙorana. Taf, taf, dim.

Na sa bakina a gefen hannuwanta. Muryata ta fito a shaƙe kamar ta tsohon rago.

"Kaka ta soya gyaɗa, kunkuru leƙo."

Na haska. Ba komai. Malama ta ce, "Kar ka tsaya, kar ka yi sauri. Yadda ta saba."

Yadda ta saba. Ruwa na hawa, ana ce mini kada in yi sauri. Na sake farowa, na bi tafin.

"Kaka ta soya gyaɗa, kunkuru leƙo."

Idanu biyu suka bayyana a ƙarshen hasken. Ruwa na dukan haɓarta.

"Kaka ta ɓare maka, kunkuru matso."

Ta ja gwiwa sau ɗaya, kamar yadda yaran suka yi a aji. Sau ɗaya tak, don haka wasan yake. Saura kamu uku. Na dubi Malama.

"Maimaita layin," ta ce. "Nakan yi musu haka in ina koya musu nesa. Ta sani."

Kunkuru matso. Ta matso. Kunkuru matso. Ta matso, ruwan na tura ta baya, ta ɗaga kai sama tana neman iska a ɗan abin da ya rage tsakanin ruwa da siminti. Wayar ta suɓuce daga hannuna, haske ya tafi. Na zura hannun dama cikin duhu har kafaɗa, na buɗe tafin.

"Miƙo hannu ɗaya, karɓi naka."

Ruwa kawai. Leda ta naɗe mini yatsu ta wuce. Taf, taf, dim. Sai wasu 'yan yatsu masu sanyi kamar ƙanƙara suka sauka a tsakiyar tafina, a buɗe, suna jiran gyaɗa.

Ban jira layi na huɗu ba. Na damƙe wuyan hannun na fizgo da duk abin da Allah ya bar mini na ƙarfi. Ta fito ta cikin ruwan da kai, goshinta ya gurje, bakinta cike da laka. Malama ta karɓe ta ta kifa ta a kan hannu tana bubbuga bayanta har ta amayar. Mai waldar ya kwanta a kan cikinsa ya karɓe ta sama, ya jawo Malama, sannan su biyu suka kama ni ta hammata. Ƙafafuna sun ƙi aiki, jan ni suka yi kamar buhu. Da na waiga, bakin kwalbatin ya nutse, ruwa na juyawa a kansa.

Aka shigar da mu shagon walda. Wani ya tuɓe rigarsa aka naɗe ta. Jikinta na karkarwa, amma ba ta yi kuka ba. Ta ƙanƙame wuyana ta sa baki a kunnena.

"Baba Tsoho, sun tafi?"

"Sun tafi, amaryata. Babu kowa."

"Sun yi ta kira na. Da yawa. Har da mai irin muryarka." Ta ja numfashi. "Ban amsa ba. Na yi daidai?"

Malama Patricia ta juya mana baya. Na dubi goshin yarinyar da ke zubar da jini, na dubi ruwan da ke tafasa a inda take kwance ɗazu. Akwai maganganu da yawa da za a yi mata, amma ba yau ba, kuma ba ni zan iya yin su ba. Sai Talatu ta dawo, su zauna da Malama.

"Kin yi daidai," na ce.

Sai a lokacin ta fashe da kuka.

Badaru ya iso a jiƙe sharkaf, ya ce a kai ta asibiti a duba ƙirjinta, ta sha ruwan lambatu. Babu keke a hanya, duk sun fake. Ya je ya kawo babur ɗinsa, ya ɗora ni a kai ina rungume da ita, Kafayatu ta lulluɓe mu da ledar da take rufe atamfofinta. Bai tayar da injin ba. Haka ya tura mu da hannu cikin ruwan, tun daga layin masu walda har bakin titi.